Kafin a Buɗe Maka Shafin Intanet, Tambayi Da Sunan Wa Za a Yi Rajista

Yanzu da wuya mai ɗan kasuwanci ya yi wata guda wani matashi bai leƙo shagonsa da kwamfuta a jaka ba, ko ya turo masa saƙo ta WhatsApp, yana tallar zai buɗe masa shafin intanet. Teloli, masu gidan biredi, makarantun kuɗi na unguwa, masu ƙananan otal, mata masu turaren wuta da humra, duk ana bin su. Sana'a ce ta halal, kuma da yawa cikin yaran nan sun iya aikinsu. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin mai biyan kuɗin. Yakan biya bai san abin da ya saya ba, sai bayan shekara, ranar da shafin ya ɓace, sannan ya fara tambayoyin da ya kamata ya yi tun kafin ya ba da kafin alƙalami.

Abubuwa uku ne suke haɗuwa su zama shafi. Akwai sunan da mutane ke rubutawa su iso gare ka, wanda ke ƙarewa da .com ko .ng. Akwai masauki, wato kwamfutar wani kamfani da ke kunne dare da rana, inda ake ajiye hotunanka da rubutunka. Sai kuma ginin shafin kansa, aikin da yaron zai zauna ya yi. Na ukun ne kaɗai ake saye a gama. Suna da masauki haya ne, duk shekara ake sabuntawa, kuma kuɗinsu ba a aljihun wanda ya gina maka yake zama ba.

A kan sunan nan ne aka fi cutar mutane, sau da yawa ma ba da niyya ba. Alhaji yana tsakiyar ciniki, ba ya son dogon turanci, yaro ya ce "Ranka ya daɗe, bar mini komai, ni zan yi." Sai ya je ya yi rajista da sunansa, da imel ɗinsa, da katinsa na banki. A wurin kamfanin rajista, wanda sunansa ke kan asusun shi ne mai abu. Kamar ka kama rumfa ne a Kantin Kwari, ka zuba kaya, ka buga allo, ka tara kwastomomi, alhali takardar rumfar da sunan dillali aka rubuta ta. Muddin kuna shiri ba za ka ji komai ba. Ranar da kuka saɓa a kan kuɗi, ko ya tafi bautar ƙasa, ko ya samu aiki a Legas ya canza layi, ranar za ka gane matsayinka.

Ga yadda abin ke faruwa dalla-dalla. Ƙa'idar hukumar ICANN, mai kula da tsarin sunaye irin su .com, ta wajabta wa kamfanonin rajista su aika saƙon tuni kamar wata guda kafin wa'adi ya cika, su ƙara aikawa saura mako guda. Amma saƙon zuwa imel ɗin da ke kan rajistar yake tafiya, wato na yaron, wanda wataƙila ya daina buɗe shi. Wa'adi na cika shafi ya mutu. Ana ba da ɗan lokaci na sassauci, sannan a shiga wasu kwana 30 na fansa, inda kuɗin karɓo sunan yake ninka na sabuntawa sau da yawa. Idan wannan ma ya wuce, bayan 'yan kwanaki sai a saki sunan a kasuwa, kowa na iya saye. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, dakon sunayen da suka faɗi. Wani zai saya ya jira ka zo ya tsawwala maka. Wani kuma ya liƙa tallar caca ko hotunan batsa a adireshin da ke rubuce a jikin allon makarantarka da rasit ɗinka da ledojin shagonka. Kada wani ya ɗauka sai ƙaramin ɗan kasuwa wannan mantuwa ke kamawa: a Disambar 1999 kamfanin Microsoft da kansa ya sha'afa bai biya dala 35 na sabunta wani sunansa ba, masu imel na Hotmail suka shiga matsala, sai wani mutum da ba ma'aikacinsu ba ne ya biya musu.

Maganin wannan ba ya buƙatar ilimin kwamfuta. Ranar rajista ka zaunar da yaron kusa da kai, a buɗe asusun da sunanka ko sunan kamfaninka kamar yadda yake a takardar CAC, da imel ɗinka, da lambar wayar da ba ka da niyyar yarwa. Kai za ka zaɓi kalmar sirri, ka rubuta ta a littafin da kake ajiye takardun fili da na mota. Haka za a yi wa asusun masauki, haka za a yi wa ƙofar shiga shafin. Idan yana bukatar shiga don aiki, a buɗe masa tasa ƙofar daban, wadda za ka iya rufewa ranar da kuka rabu. Wanda ya ƙi yarda da wannan tsari, ko ya fara kwana-kwana yana cewa ba za ka gane ba, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Sai batun kuɗin da za a riƙa biya. Sunan .com yana cin tsakanin dala 10 zuwa 20 a shekara, masauki kuma ya danganta da kamfani. Da jin adadin ba wani abu ba ne, amma wanda ya ƙulla da kamfanin waje lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin a saki naira a Yunin 2023, ya ga yadda ta haura 1,500 a farkon 2024. Kafin nan ma, a 2022, bankuna da yawa sun rage abin da za a iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, wasu suka toshe gaba ɗaya. Shafuka sun mutu a lokacin ba don masu su ba su da kuɗi ba, sai don kati ya ƙi tafiya. A ganina mai kasuwancin da kwastomominsa ke cikin Najeriya ya fi samun kwanciyar hankali da .ng ko .com.ng. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da su, tana da jerin kamfanonin da ta amince su yi rajista, kuma da naira ake biya. Ka kuma tambayi kuɗin shekara ta biyu, domin ragin da ake yi a shekarar farko tarko ne da aka saba ɗanawa.

To, an samu suna, mabuɗi yana hannunka. Me za a zuba a ciki? A nan zan ɗauko misali daga nesa, daga wata sana'a da ba mu saba da ita ba, domin ta fi fito da abin fili.

A Turai da Amurka akwai filayen motokuros, tseren babura a kan turɓaya da tuddai da kwanoni, inda babur ke tashi sama ya dira. A Ingila wasan ya samo asali, a Camberley aka yi tseren farko a 1924, aka fara gasar duniya a 1957. A Amurka babbar gasar masu tasowa ana yin ta duk shekara a gonar mawaƙiya Loretta Lynn da ke jihar Tenesi tun 1982, amma kafin yaro ya kai can sai ya bi ta ƙananan filaye na karkara. Galibin waɗannan filayen na iyali ne ko na ƙungiyar masu sha'awa, da tarakta ɗaya da tankar ruwa ɗaya. Ƙasa ita ce jarinsu. Idan an kwana ana ruwa, filin ya zama taɓo, ba a hawa. Idan rani ya yi tsanani, sai an kwarara ruwa an bi da garma, in ba haka ba ƙura ta hana ganin gaba. Mai filin yakan fita da asuba ya taka ƙasar da ƙafarsa kafin ya yanke hukunci.

A can wani gari kuma, uba ya tashi tun duhu, ya ɗaure baburan 'ya'yansa a bayan akori-kura, ya cika jarkokin mai, yana shirin tafiyar awa biyu ko uku. Abu guda yake nema a waya: yau an buɗe ko ba a buɗe ba? Bayan wannan, nawa ne kuɗin ƙofa, ƙarfe nawa ƙananan yara masu babur 50cc za su shiga, ƙarfe nawa manya masu 250 da 450, ta ina ake juyawa daga babban titi, kuma ina takardar da uba ke sa wa hannu cewa ya san hatsarin wasan. Shafin da ya amsa waɗannan a saman shafin farko, da kwanan watan yau, ya gama aikinsa, ko da babu ado ko ɗaya. Wanda aka cika da bidiyon tsalle-tsalle da kiɗa, amma jadawalin ciki na bara ne, ya sa mutum ya ƙona mai ya tarar da ƙofa a kulle. Wannan mutumin ba zai sake yarda da shafin ba, wataƙila ma da filin.

Kowace sana'a tana da irin wannan tambayar tata. Ta makaranta ita ce yaushe za a koma kuma nawa ne kuɗin zango. Ta mai otal, akwai ɗaki, akwai wuta da ruwa. Ta tela, in na kawo yau zan samu kafin sallah. Ka san taka, domin kullum ita kake amsawa a waya har ka gaji. Ita za a sa a sama, da lambar waya da ake dannawa ta kira, da maɓallin WhatsApp, da kwatance irin namu: bayan gidan mai kaza, layi na biyu hannun dama. Tarihin kafuwar kamfani da hoton shugaba a kan kujerar lilo su jira a ƙasa.

Darasi na biyu daga filin tsere shi ne wa zai riƙa gyarawa. Mai filin ba zai iya jiran wani ya farka daga barci ya canza masa "an buɗe" zuwa "an rufe" ba. Kai ma a wannan zamani da farashi ke canzawa kowane mako, ba za ka riƙa biyan kuɗi duk lokacin da buhu ya tashi ba. Kafin ka biya cikon kuɗi, yaron ya koya maka, ko ɗanka, ko yaron shago, yadda ake canza farashi da hoto daga waya, kuma ku gwada a gabansa. Sannan ka buɗe shafin a ƙaramar waya mai araha, da datarka, ba da intanet ɗin ofishinsa ba. Idan yana ta juyawa bai buɗe ba, hotunan sun yi nauyi, a rage. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ba mai haƙurin jiran shafin da ke shan data.

Zan faɗi abin da masu gina shafuka ba sa son ji: ba kowa ke bukatar shafi ba. Mai sayar da fura ko mai gyaran waya a Farm Centre, WhatsApp Business da sa shagonsa a taswirar Google sun ishe shi, kuma kyauta ne. Sai dai ya sani na kyauta ba shi da tabbas. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke kusan awa shida a duk duniya. Gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Google ya taɓa ba ƙananan 'yan kasuwa shafuka kyauta, a Maris na 2024 ya rufe su duka. Don haka lambobin kwastomominka su kasance a rubuce a wani wuri da kai ke iko da shi.

Idan za a riƙa biya ta shafin, a nan ne ake bukatar ido sosai. Kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave ne ke karɓar kuɗin su tura banki, kuma asusun da za a buɗe a wurinsu dole ya zama naka, lambar akawun ɗin da za a tura wa ta zama taka, ka gani da idonka. Mai gina shafi ba ya bukatar lambar sirrin katinka, ba ya bukatar lambar OTP da banki ke turowa. In har akwai inda za a cike su, kai za ka karɓi kwamfutar ka cike. Kada ka saki kaya saboda hoton rasit da aka turo maka, sai ka ga kuɗin a akawun. Ka kuma duba adireshin ya fara da https. Tun Yulin 2018 manhajar Chrome ke yi wa shafin da ba shi da https tambarin rashin tsaro, kuma ana samun takardar tsaron da ke ba da https kyauta a yawancin masaukai, don haka kada a caje ka kuɗi mai yawa a kanta. Ƙananan shafuka da yawa da manhajar WordPress ake gina su, shi ma kyauta ne, amma yana son a riƙa sabunta shi. Wasu yaran suna sa kayan ado na sata da suka sauke daga wuraren banza, kuma ta nan 'yan kutse ke samun ƙofa.

Masu makarantu da asibitoci su ƙara lura. Tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, da hukumar NDPC mai sa ido a kanta. Sunayen ɗalibai, sakamakon jarrabawa, lambobin iyaye, hotunan yara, ba abin da za a watsa ba ne don shafi ya yi kyau. A nemi izinin iyaye tukuna.

Wanda ya riga ya yi shafi tun tuni, ya kira wanda ya yi masa yau, tun ana ga-maciji, ya tambaye shi a wane kamfani aka yi rajistar sunan, da wane imel, kuma yaushe wa'adin ke cika. Ranar ƙarewar ba sirri ba ce, duk wanda ya rubuta sunan shafin a wurin binciken WHOIS zai gan ta. Idan da sunan yaron aka yi, ana iya mayar da shi naka, amma sai da amincewarsa, kuma idan kamfani za a sauya yakan ɗauki kwanaki. A fara tun saura wata biyu ko uku wa'adi ya cika.