Yadda Ake Ƙera Amalanke Mai Rumfa Don Tafiyar Daji

Manoma da yawa gonakinsu suna nesa da gari. Idan kaka ta yi, sai mutum ya kwana uku ko huɗu a gona yana tsaron amfaninsa. Haka ma masu cin kasuwannin ƙauye, dare kan yi musu a hanya. Kwana a ƙasa kuwa akwai haɗari. Ga maciji, ga kunama, ga sauro, ga raɓa.

A ƙasashe irin su Ostireliya da Afirka ta Kudu, mutane kan ƙera ƙaramar tirela mai ƙafa biyu su ɗaura a bayan mota. Da rana ta ɗauki kaya, da dare ta zama ɗakin kwana. Manomi ma zai iya yin irinta da amalanken shanu. Ga yadda ake yi.

Kayan da za a nema

Abu na farko shi ne ƙarfen ƙafafu na tsohuwar mota, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya. Masu walda sun fi amfani da na a-kori-kura ƙirar Fijo, domin kayan gyaransa ba su da wuyar samu. Tun 1975 aka fara harhaɗa motocin Fijo a Kaduna, saboda haka tsofaffinsu suna da yawa. Ana samun irin wannan ƙarfe a kasuwar Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da wuraren makanikai.

Kafin ka biya kuɗi, a ɗaga ƙarfen ka juya kowace ƙafa da hannu. Idan ka ji ƙara ko ƙafar tana rawa, boris ya mutu. Duba kuma ko ƙarfen ya lanƙwashe. Lanƙwasasshen ƙarfe yana cinye taya ta gefe ɗaya, yana kuma gajiyar da shanu. Araha ba ta ado.

Sauran kayan su ne: tayoyi biyu masu girma ɗaya, ƙarfe mai kauri na yin gado, dogon bututun ƙarfe na ja, katako busasshe, notuna, rodi, tamfol da fenti.

Haɗa gadon amalanke

1. A yanka ƙarfe a haɗa gado mai tsawon ƙafa 7 da faɗin ƙafa 4 da rabi. Wannan ya isa babban mutum ya miƙe.

2. Kafin a ƙarasa walda, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sannan a auna ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu ya zo daidai, gadon ya miƙe. Idan bai zo daidai ba, amalanken zai riƙa tafiya a karkace.

3. A gitta ƙarfe uku ko huɗu a tsakiya don su riƙe katako.

4. Bututun ja kada ya tsaya a bakin gado. Ya shige ƙarƙashi har ya kai ƙarfen ƙafafu. A nan ne amalanke ya fi karyewa idan ya faɗa rami.

5. A ɗaure katako da noti. Ƙusa tana zarewa idan jijjiga ta yi yawa.

Inda za a sa ƙafafu

Wannan shi ne wurin da ya fi muhimmanci. A sa ƙarfen ƙafafu bayan tsakiyar gado kaɗan, kamar faɗin tafin hannu. Dalili shi ne a sami ɗan nauyi ya sauka a gaba. Idan ƙafafun suka matsa gaba, kaya za su rinjaya baya, bututun ya ɗaga sama, igiya ta shaƙe shanu. Idan suka matsa baya da yawa, nauyi zai danne wuyan shanu har ya yi musu gyambo.

Ga gwaji mai sauƙi. Bayan an yi lodi, mutum ɗaya ya iya ɗaga bakin bututun ba tare da wahala ba, kuma idan ya saki ya sauko ƙasa da kansa.

Rumfa da wurin kwana

A lanƙwasa rodi uku kamar baka. A yi musu gurbi da guntayen bututu a gefen gado, yadda za a zura su a kuma cire su. Da rana a cire a yi lodi. Da dare a mayar, a lulluɓa tamfol, a rataya gidan sauro a ciki.

A sa ƙafar tokara guda a gaba, guda a baya. Idan an kwance shanu, sai a sauke su. In babu su, mutum na juyawa cikin barci amalanken zai iya tuntsurewa. A kuma tare tayoyi da dutse.

Gargaɗi: kada a shigar da garwashi ko kurfoti cikin rumfa a rufe don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Tana kashe mutum cikin barci. A yi girki a waje, nesa da tamfol.

Lodi da tafiya

Shanu biyu masu ƙoshi za su iya jan buhun masara 10 a hanya mai kyau, wato tan ɗaya. A cikin yashi ko taɓo, a rage zuwa rabi. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, a kan ƙafafu. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, a lissafa da ita.

Idan yashi ya yi yawa, a ɗan rage iskar taya, a mayar idan an fita. Kada a ratsa rafi yana gudu. A manna abin ƙyalli ja a baya, domin direbobi su hango amalanken da dare. Wanda zai ɗaura shi a bayan tarakta ko mota, ya ƙara sarƙa mai ƙarfi ko da ƙugiya ta kuɓuce, kuma ya tafi a hankali. Kada mutum ya zauna a ciki idan mota ce ke ja.

Kulawa

A shafa fenti don kada tsatsa ta ci ƙarfe. A shafa wa katako baƙin mai saboda gara. A duba notunan taya kafin kowace tafiya. A sa wa boris giris kafin damina da bayanta. A ajiye amalanke a inuwa, domin rana tana fasa taya.

Idan kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, manoma uku ko huɗu su haɗa hannu. Su rubuta abin da kowa ya bayar, da ranar da kowa zai yi amfani da shi, da wanda zai biya gyara. Su sa hannu a gaban mai unguwa kafin a kai wa mai walda aiki.