Amsoshin Wasiƙunku: Don Me Turawa Ke Saran Daji, Mu Kuwa A Hana Mu?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani kafinta a garin Funtuwa, wanda ya roƙi kada a ambaci sunansa. Ya ce kwanakin baya malamin daji ya ci ƙanensa tara saboda ya sare bishiya ɗaya tak a gonarsu ta gado, ga shi kuma kullum muna yi musu wa'azi a rediyo cewa saran itace ke jawo hamada. To amma shi ya ji an ce akwai ƙasashen Turai da arzikinsu ya dogara a kan saran itace. Shi ne yake tambaya, yaya aka yi nasu dajin bai ƙare ba? Ko kuwa dokar ta talaka ce kawai? Ya ƙara da cewa katako sai tsada yake yi, har yana shakkar ko ya sa ɗansa a sana'ar ko ya nema masa wata.

To Malam, muna amsa gaisuwarka, kuma abin da ka ji gaskiya ne. Amma bari mu fara da girman abin da ake magana a kai. A ƙididdigar da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020, dazuzzukan duniya sun kai hekta miliyan dubu 4 da ɗoriya, wato kashi 31 cikin 100 na tudun ƙasa baki ɗaya. Fiye da rabin wannan yana cikin ƙasashe biyar ne kacal: Rasha da Burazil da Kanada da Amurka da Sin. Daga cikin itacen da ake sarewa a duniya kowace shekara, kusan rabi a murhu yake ƙarewa, ko a matsayin itacen girki ko gawayi. A nan Afirka kuwa wajen tara cikin goma ne ke tafiya wuta. Ɗaya rabin shi ne na masana'antu, inda ake yin falanki da kujeru da kwali da takarda, har da wannan jaridar da ke hannunka. Mutanen da ke cin abinci a wannan fanni a duniya an ƙiyasta sun kai miliyan 33, kai ma kana cikinsu.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, wannan magana ta "ci gaba mai ɗorewa" da manya ke ta yi a taruka, daga wajen masu saran itace ta samo asali. A 1713 wani Bajamushe mai suna Hans Carl von Carlowitz, wanda ke kula da ramukan haƙar azurfa a yankin Sakson, ya ga aikin na neman tsayawa. Ana bukatar gumagumai don tokare ramuka, ana bukatar gawayi don narka ma'adini, daji kuwa ya ja baya. Sai ya rubuta littafi yana ba da shawara cewa kada a sare fiye da abin da daji zai iya mayarwa. Kamar mai garken awaki ne. In 'ya'yan yake sayarwa, garke na nan. Ran da ya fara kai iyayen kasuwa, to ya kama hanyar tsiya. Bayan shekaru fiye da 270, a 1987, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland, Firayim Ministar Norwe ta lokacin, ya faɗaɗa wannan tunani ya game dukkan arzikin ƙasa, sa'an nan babban taron Riyo na 1992 ya ƙara yayata shi.

Kada kuma ka ɗauka Turawa da wayonsu aka haife su. Su ma sun cinye nasu tukuna suka farga. Birtaniya, lokacin da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, abin da ya rage mata na daji bai wuce kashi 5 cikin 100 na ƙasarta ba, dole ta kafa hukumar gandun daji a 1919.

Ƙasar da ta fi dacewa da tambayarka ita ce Finlan. Kashi uku cikin huɗu na ƙasar daji ne, kuma katako da takarda na cikin manyan abubuwan da take sayarwa a waje. Tun 1886 suka yi dokar hana lalata daji. Maƙwabciyarsu Suwidin ta yi tata a 1903, wadda ta ce wanda duk ya sare, tilas ya tabbatar wani dajin ya tashi a wurin. Ka lura, ba a ce kada a sare ba. Cewa aka yi a mayar. Saboda sanyi, bishiya a can takan shekara 60 zuwa 100, wani wuri ma fiye, kafin ta isa yanka, don haka wanda ya dasa ba shi ke sarewa ba, sai dai ɗansa ko jikansa. To me zai sa mutum ya wahala a kan abin da ba zai ci ba? Amsar ita ce gado. Fiye da rabin dajin Finlan na iyalai ne, talakawa irina da kai, mutum ya san in ya dasa zuriyarsa ce za ta ci. Shi ya sa duk da saran da ake yi, itacen da ke tsaye a ƙasar yanzu ya fi na shekarun 1950 yawa nesa ba kusa ba.

Sai dai ba na so in yi maka kwalliya. Dajin da aka dasa jere-jere, iri ɗaya, tsara ɗaya, ba daidai yake da na asali ba. Tsofaffin dazuzzuka sun yi ƙaranci a can, tsuntsaye da ƙwari da dama sun rasa matsuguni, kuma 'yan ƙabilar Sami na can arewa, masu kiwon wata dabba mai kama da barewa, sun daɗe suna kukan cewa masu sara na lalata musu makiyaya. Ko a Turai ɗin ma rigima ba ta ƙare ba.

To wa ke cinye dajin duniya? Daga 1990 zuwa 2020 an share hekta wajen miliyan 420. Abin ya ɗan lafa, daga hekta miliyan 16 a shekara cikin shekarun 1990 zuwa miliyan 10 tsakanin 2015 da 2020, amma har yanzu ɓarna ce babba. Binciken hukumar da na ambata ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na wannan asara noma da kiwo ne suka jawo ta. A Burazil filin kiwon shanu da gonakin waken soya, a Indunusiya kwakwar manja, a Afirka kuwa ƙananan gonaki. Amma masu katako ba su kuɓuta ba, domin sau da yawa su ne ke fasa hanya zuwa tsakiyar kurmi, mai noma da mai farauta su biyo sawu.

Misalin yadda sana'ar ke zama annoba ba sai mun je nesa ba. A matsayinka na kafinta ka san madobiya. Attajiran ƙasar Sin na son jan katako irin nata don yin kujeru da gadaje na alfarma, da na Asiya ya yi wuya sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma. Wajen 2014 zuwa 2017 an yi ta kwasar madobiya daga Taraba da Adamawa da Kogi, ana loda ta a manyan motoci zuwa tashar jirgin ruwa. A 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Abin takaici, gungume aka riƙa fitarwa ɗanye. Ɗan ƙauye ya sami na cefane, mai yanka da mai fere da mai goge kuwa duk suna can ƙasar Sin. Ƙasar Gabon ta gane wannan, ta hana fitar da gungume tun 2010, ta ce wanda ke son itacenta ya zo ya kafa masana'anta a gida. Mu ma mun taɓa gwadawa ta fuskar takarda, da masana'antun Jebba da Oku Iboku da Iwopin, har aka dasa gandayen malaina dominsu. Ba su yi ƙarko ba, yau mafi yawan takardar da yaranmu ke rubutu a kai daga waje ake shigo da ita.

Akwai kuma wata ƙungiya, FSC, da aka kafa a 1993, mai buga hatimi a kan katako ko takardar da aka samo daga dajin da ake kula da shi. Dabara ce mai kyau, sai dai kuɗin binciken ya fi ƙarfin ƙaramin mai sara, kuma yawancin dazuzzukan da suka sami hatimin na Turai ne da Arewacin Amurka.

Yanzu batun ƙanenka. Ni a ganina tara kaɗai ba ta taɓa raya daji ba, kuma shaidata tana nan ƙetaren iyaka, a jihar Maradi ta Nijar. A da can manomi na ganin bishiya ta hukuma ce, in ta girma a gonarsa fitina ce, don haka tun tana toho yake sassabe ta. A 1983 wani mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da ke gonaki ba ciyawa ba ne, tohon kututturan bishiyoyi ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu aka rage sauran, cikin 'yan shekaru sai ga bishiya. Da hukuma ta sassauta, manoma suka tabbata itacen nasu ne, sai abin ya bazu har Damagaram. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta haka sun kai hekta miliyan 5, bishiyoyi wajen miliyan 200, da yawansu gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana. Ba a yi wannan da ɗan sanda ba.

Duk da haka doka doka ce. A Nijeriya kowace jiha ke da tata dokar daji, kuma akwai itatuwan da ba a sarewa sai da izni ko da a gonarka suke. Ka gaya wa ƙanen naka nan gaba ya fara zuwa ofishin gandun daji ya karɓi takarda, in kuma aka ci shi tara ya nemi rasit, don tarar da ba rasit ba aljihun gwamnati take shiga ba.

Ɗanka kuwa, ka koya masa sana'ar, Malam. Duniya ba ta daina bukatar ƙofa da gado ba. Amma in kuna da fili a ƙauye, ku keɓe wani ɓangare ku dasa malaina ko madaci da sunansa. Malaina kan isa yanka cikin shekara 10 zuwa 15 in ta sami ruwa, madaci sai an yi haƙuri sosai. Itacen turare ya fi su saurin ba da sandunan rufi, sai dai yana da shan ruwa, kada a kai shi kusa da rijiya ko fadama.

Sauran wasiƙun da ke gabanmu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalam.