3.4 Yadda Sinadaran Tsirrai Ke Karya Garkuwar Ƙwayoyin Fungas

A wannan kaso za a yi bayani a kan dalilin da ya sa wasu tsirrai da aka sani a Farfaru, cikin ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina, ke iya yaƙi da cututtukan fata irin su makero da kyasbi. Waɗannan cututtuka ƙwayoyin fungas ne ke haddasa su, wato dangin funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu.

Kowace ƙwayar fungas tana da bango mai tauri da ya kewaye ta, wanda aka gina da sinadaran kaitin da gulukan. Maginan wannan bango su ne wasu sinadarai da masana ke kira enzayim. Idan aka hana su aiki, sai bangon ya yi rauni, ruwa ya cika ƙwayar, ta fashe. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam kuwa ba su da irin wannan bango. Ke nan, maganin da ya auna bangon kaɗai zai kashe cutar ba tare da ya yi wa majinyaci illa mai yawa ba. A kan wannan hikima ce aka samar da kasfofanjin, wanda Amurka ta amince da shi a 2001, sai dai daga fungas aka samo shi, ba daga tsiro ba.

Ta fuskar tsirrai, a 2015 masana a Jami'ar Wiskonsin suka bayyana wani sinadari mai suna fowasik, wanda suka samo daga karan dangin ciyawa. Yana manne wa gulukan, ya dakatar da gininsa, kuma an gwada shi a kan fungas mai lalata amfanin gona.

Tsirran gida suna bin wata hanyar. Tafarnuwa, idan an daka ta takan fitar da alisin, wanda aka gano a 1944. Alisin yana lalata enzayim iri-iri a cikin ƙwayar. Bagaruwa kuma tana da tanin, wanda ke ɗaure furotin. Da shi ne majema ke jeme fata, kuma haka yake ɗaure enzayim.

Sai dai akwai abin lura. Ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fata, musamman ta yara. Haka kuma makeron ka yana shiga cikin gashi har saiwarsa, inda maganin shafawa ba ya kaiwa, don haka sai an haɗa da na sha daga asibiti, kamar girisiyofulbin. Jinkiri yakan bar wa yaro tabo da sanƙo na dindindin, ga kuma yaɗuwar cutar ta hanyar aska da hula.