Tsohuwar Waya da Sabon Kwaɗo: Ba Kullum Laifin Sabis Ba Ne

A ranar 30 ga Satumba, 2021, layukan waya a kashe suke a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Tun farkon watan hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su katse sabis a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. A wannan ranar ce wa'adin wata takardar shaida ta intanet mai suna DST Root CA X3 ya cika, na'urori da dama a duniya suka daina buɗe shafukan da suka saba buɗewa. Mutanen yankin ba su ma san an yi ba, amma irin wannan matsalar tana nan a aljihun masu tsofaffin wayoyi har yau.

Duk sa'ad da mai POS a kasuwar Shinkafi ya zura kati, ko ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura ya buɗe shafin biyan kuɗin makaranta, sai na'urarsa ta yi yarjejeniya da babbar kwamfutar da ke can ƙarshen layi kafin ko kobo ya motsa. Da wane irin kwaɗo za a kulle saƙon? Wa ya tsaya wa shafin cewa na gaskiya ne? Wannan tsari shi ake kira TLS. Masu rubuta manhaja ba sa ƙera shi da hannunsu. Shiryayyen ƙunshi suke ɗaukowa su dasa cikin aikinsu, kuma mafi shahara shi ne OpenSSL.

Sai dai suna ɗaya ba hali ɗaya ba ne. Ranar da takardar nan ta ƙare, na'urorin da ke ɗauke da OpenSSL 1.0.2 suka turje, alhali akwai sabuwar shaida mai inganci da za su iya dogara da ita. Masu 1.1.0 zuwa sama suka wuce abinsu lafiya lau. A shekarar 2014 ma, lokacin ɓarakar Heartbleed da ta ba ɓarayi damar zaro bayanan sirri daga kwamfutoci, tsakanin mai rauni da wanda aka gyara harafi ɗaya ne tak: 1.0.1f da 1.0.1g.

Abin da ya fi shafar talaka shi ne Android. Ƙungiyar Let's Encrypt, wadda ke raba wa ɗimbin shafuka takardun shaida kyauta, tana da nata hatimin, ISRG Root X1, amma sai daga Android 7.1.1 wayoyi suka san shi. An yi wata dabara da ta riƙe tsofaffin wayoyi har zuwa 2024, daga nan aka janye ta. Shi ya sa za ka ga mutum a Katuru ko Zurmi ya sayi waya ta hannu, sabis ya cika, data na nan, amma shafi ya ƙi buɗewa sai gargaɗi. Ya kashe ya kunna, ya hau tudu, ya zagi kamfani. Kamfanin kuwa ba ruwansa. Wayar ce ba ta san mai hatimin ba.

Su ma masu rubuta manhaja suna shan tasu wahalar. OpenSSL 1.1.0 na 2016 ya rufe hanyoyin ciki da tsofaffin manhajoji ke bi, dole aka sake rubuta su. Na 3.0, wanda ya fito a Satumban 2021, ya ture tsofaffin hanyoyin kulle saƙo irin su RC4 da Blowfish gefe guda. Na 1.1.1 kuma an daina yi masa gyara kyauta tun 11 ga Satumba, 2023. Ƙwararren ma'aikaci yakan sa manhajarsa ta gane wanda ta tarar, ya gwada ta a kan tsoho da sabo, sannan ya kafa iyaka cewa ba a sauka ƙasa da TLS 1.2. Malalaci kuwa sai ya kashe binciken shaidar gaba ɗaya don dai abu ya buɗe. Wannan ba gyara ba ne, ganganci ne da kuɗin mutane, musamman tun bayan ƙarancin takardun naira na 2023 da ya tilasta wa har 'yan tireda karɓar taransifa.

Wanda gargaɗin nan ya fito wa, ya fara duba kwanan wata da agogon wayarsa, domin idan sun goce takarda mai kyau ma sai ta zama kamar ta ƙare. Ya duba lambar Android ɗinsa. Idan ba ta kai 7.1.1 ba, a da manhajar buɗe shafuka ta Firefox kan taimaka, saboda da nasa jerin shaidun yake tafe. Amma kada ya danna wurin ci gaba a shafin da zai sa lambar sirrinsa, kuma kada ya karɓi manhajar banki ta hanyar Xender a shagon caji.