Birkin Gaba Ba Ado Ba Ne

A birnin Zariya babur ba ya samun filin gudu, amma duk da haka birkinsa ba ya hutawa. Daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, ko ta Kwarbai ka nufi Fada, abin da ke gabanka shi ne lungu mai kwana, kwata a gefe, yara 'yan makarantar allo, da akuyar da za ta faɗo titi daga bayan zaure. A irin wannan hanya tsayawa ita ce gwaninta. Shi ya sa nake mamakin yawan baburan da nake gani hannun birkinsu na gaba yana reto, kebul ya saki ko ma an cire shi gaba ɗaya.

In ka tambayi ɗan acaba dalili, amsar ɗaya ce: birkin gaba kayar da mutum yake yi. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Wanda ya damƙe shi farat ɗaya a kan yashi, ko yana tsakiyar kwana, lallai zai sha ƙasa. Sai dai duk sa'ad da ka ja birki, nauyin babur da naka da na fasinja kan tayar gaba yake komawa, ta baya kuma ta yi sakayau. Saboda haka a busasshiyar kwalta kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga gaba yake fitowa. Mai taka na baya kaɗai, taya ce za ta kafe tana jan ƙasa, babur kuwa yana tafiya abinsa.

Ga lissafi kaɗan. A gudun kilomita 40 a awa, babur yana cin kusan mita 11 kowace daƙiƙa, tun kafin hannu ya kai ga birki. In kuma gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata ninkawa huɗu yake yi. Ɗora buhun masara ko fasinja biyu, aikin ya ƙara yi wa birkin yawa.

Yawancin baburanmu, su Bajaj Boxer da Jincheng, birkinsu a cikin hob yake gaba da baya. In bakanike ya kwance taya za ka ga shu guda biyu masu siffar rabin da'ira, sifirin yana riƙe da su. Ka ja kebul, wani ɗan ƙarfe ya juya ya buɗe su, su matse jikin hob. Iyakar aikin ke nan, kuma a nan gyara na farko yake. Bakaniken da nake kai wa babur a wajen Tudun Wada ya taɓa ɗora min shu biyu a tafin hannu. Ɗaya fuskarsa da kauri da ɗan kaushi. Ɗayan ya siɗe yana ƙyalli, ƙurar hunturu da zafi sun goge shi. Irin wannan shi ne mai kuka da safe, ka taka har ƙasa bai kama ba. In da sauran kaurinsa, sanfefa za ta farfaɗo da shi. In ya cinye, ko giris ko baƙin mai ya taɓa shi, sai sabo. Kuma a nemi mai kyau, don araha ba ta ado: na jabu fuskarsa kan ɓare daga ƙarfen ta kulle taya ana cikin tafiya.

Akwai wata dabara da nake roƙon 'yan'uwa su daina. In shu ya cinye har notin ɗauri ya kai ƙarshe, sai a zare ɗan hannun da ke jikin hob a matsar da shi haƙori ɗaya ko biyu, birki ya dawo kamar sabo. Haɗarin shi ne ƙarfen ciki yana iya juyawa ya wuce iyaka ya maƙale, taya ta kafe ta ƙi saki. Notin da ya ƙare yana gaya maka ne shu ya gama aikinsa.

Gyara na biyu shi ne kebul. Wanda ya yi tsatsa ko ya fara tsittsinkewa yana cinye ƙarfin hannunka kafin ya isa hob. A sa masa mai, a sauya shi in ya fara gashi, a ɗaure yadda hannun birki zai yi ɗan wasa kamar faɗin yatsa kafin ya kama. Na uku taya, domin birki taya yake tsayarwa, ita kuma take tsayar da babur. Tayar da zanenta ya shafe ba ta da abin riƙe ƙasa, balle da damina in ruwa ya kwaso laka ya shimfiɗa a titi. In ka ratsa ruwa, ka ɗan riƙa jan birki a hankali har ya bushe.

Samari da yawa yanzu birkin faifai suke sha'awa, mai aiki da man birki. Ya fi kamawa, ya fi jure zafi, ruwa ma bai cika damunsa ba. Amma ba a ɗora shi da walda. Sai an sauya taya da ƙafafun gaba zuwa waɗanda aka ƙera dominsa, in ba haka ba wurin waldar ne zai karye ranar da aka fi bukatarsa. Mai irin wannan birki ya duba murfin tukunyar man, zai ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Shi kaɗai za a zuba, kuma a sauya shi duk shekara biyu, don yana tsotsar ruwa daga iska.

A Indiya, ƙasar Bajaj da TVS, tun watan Afrilun 2019 doka ta wajabta wa sabon babur da ya wuce cc 125 na'urar ABS mai hana taya kafewa. Ƙananan kuma dokar ta 2019 ta ce dole a ƙalla a haɗa birkin gaba da na baya, yadda in ka taka na baya na gaba ma zai kama. Wato hukuma a can ta lura da ɗabi'ar gudun birkin gaba, ta sa inji ya gyara ta. Mu a nan hannu ne zai yi wannan aikin.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka tara kuɗin faifai, sayi shu mai kyau da kebul da tayar gaba. Sannan ka nemi kwalta da ba jama'a ka koya wa hannunka: saki totur, matsa na gaba da yatsu biyu a hankali, ƙara ƙarfi yayin da gaban babur ke nitsewa, ƙafa kuma tana tallafawa da na baya. Fara da ƙaramin gudu, kuma babur yana miƙe. Wannan gyaran kobo ba ya ci, kuma babu bakaniken da zai yi maka shi.