Kati Ya Ƙare, Magani Bai Ƙare Ba

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa Shadawanka a nan cikin garin Bauchi, inda barikin Birged ta 33 ta sojojin manyan bindigogi yake. Abin da ya kai mu can wata ƙa'ida ce da ke cikin takardun inshorar lafiya, wadda gidaje da dama ba sa sanin nauyinta sai ranar da ta hau kansu.

A tsarin inshorar lafiya na ƙasa da aka ƙaddamar a 2005, katin ma'aikaci yana ɗaukar shi kansa, da matarsa ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Iyalan sojoji suna samun nasu ta hannun kamfanin DHML. Da zarar yaro ya cika 18, sunansa ya fita. Ga mai ƙoshin lafiya, abin da sauƙi. To amma akwai yaran da ke rayuwa da maganin da ba a daina sha, kuma cikinsu akwai waɗanda kunya ke hana iyayensu ko ambaton larurar. Muna nufin waɗanda aka haifa mata-maza, da sauran waɗanda jikinsu ba ya samar da sinadarin homon yadda ya kamata.

(Gajeren kiɗa)

Mene ne homon? Sinadari ne da wasu ƙananan gaɓoɓi ke zubawa cikin jini, shi ke tafiyar da girma, da balaga, da ƙarfin ƙashi, da daidaiton gishiri da ruwa a jiki. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka mai samar da homon ɗin da ake kira kotizol. Akan haifi jariri, wajen ɗaya cikin 15,000 a duniya, wanda wannan tsoka tasa ba ta iya aikin. Likitoci na kiran larurar CAH. Idan jaririyar mace ce, al'aurarta kan fito da siffar da ungozoma za ta kasa cewa mace ce ko namiji. Ana gadon larurar ne yadda ake gadon sikila: in uwa da uba duk suna ɗauke da ita a ɓoye, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa ta fi bayyana inda auren zumunci ya yi yawa.

Mai wannan larura yana shan ƙwayar haidirokotizon sau biyu ko uku kullum, da yawansu har da fuludirokotizon, iyakar rayuwa. Ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, likita ƙara masa adadin yake yi. In kuwa maganin ya yanke kwatsam, sai amai, jiki ya saki, jini ya yi ƙasa, kuma rai na iya fita cikin ɗan lokaci.

Akwai kuma waɗanda aka yi wa tiyata aka cire musu ƙwayayen haihuwa, ko nasu ba su taɓa aiki ba. Macen da ke cikin wannan hali tana buƙatar homon ɗin estirojin har ta kai kimanin shekara 50, lokacin da sauran mata ke daina al'ada. Namijin kuwa allurar testosteron ake yi masa duk bayan mako biyu zuwa huɗu, ko mai dogon zango duk bayan wata uku. In aka daina, gajiya ta zo, zuciya ta ƙuntata, ƙashi ya riƙa rubewa a hankali, har matashi ɗan shekara 30 ya karye daga ɗan tuntuɓe.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, addininmu bai ɓoye waɗannan bayin Allah ba. Malaman fiƙihu sun daɗe suna tattauna hukuncin hunsa, wato mata-maza, kuma littafin Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, da bayanin gadonsa ya rufe. A 1989 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta a yi wa irin wannan mutum magani, da homon ko da tiyata, domin a fayyace halittarsa. Abin takaici, a unguwanninmu har yanzu mai ciwon suga zai tsaya a masallaci ya nemi taimako, amma uban yarinyar da aka haifa mata-maza sai ya sayar da akuya a ɓoye, yana tsoron kada magana ta fita ta hana 'yarsa miji. Wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa, in ji Hausawa, sai dai a nan mu ne muka sa shi ɓoyewa, da bakinmu da tsegunguminmu.

Wannan damuwa ta kuɗin homon ta kai har ƙasashen da suka fi mu arziki. A Amurka estirojin da testosteron ɗin nan dai su ne masu sauya jinsi ke amfani da su, kuma ana tafka muhawara a kai. A watan Disamba na 2024 an sa hannu a dokar da ta hana inshorar sojojin ƙasar biya wa 'ya'yansu 'yan ƙasa da shekara 18 wasu daga cikin irin wannan magani, kuma jihohi da dama sun cire shi daga inshorar marasa ƙarfi. Waɗanda abin ya shafa sukan koma biya daga aljihu, wasu su riƙa tsallake allura, wasu su saya ta intanet ba likita ba gwaji. Kowa da ra'ayinsa a kan waccan muhawara, amma likitoci ba su saɓa a kan abu ɗaya ba: jikin da ba ya samar da homon da kansa, in aka yanke masa, zai cutu, ko jikin wane ne.

A nan gida kuwa, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun marasa lafiya yake fita. Yawancin magungunan homon daga waje ake shigo da su, saboda haka tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, farashinsu ya bi dala. Ɗan kofur da ya cika 18 bai fara aiki ba, ga kuɗin ganin likita, ga gwajin jini, ga magani, duk sun dawo kan albashi ɗaya.

(Gajeren kiɗa)

To ina mafita? Ta farko, kada a jira ranar da sunan zai fita daga kati. Tun yaro yana 17 uba ya je ofishin inshorarsa ya tambayi yadda ake sanya ƙarin mutum a kati, domin tsarin ya yarda da haka idan an biya wani kuɗi. In yaron ya shiga jami'a ko kwaleji, akwai inshorar ɗalibai ta TISHIP. Akwai kuma GIFSHIP, wadda mutum ke yanka wa kansa ya biya shekara-shekara. Jihar Bauchi tana da hukumarta ta BASHCMA, wadda ke rajistar marasa galihu ƙarƙashin asusun da dokar lafiya ta 2014 ta kafa. Ko wanne aka zaɓa, a nemi a ga jerin magungunan da yake ɗauka kafin a biya.

Ta biyu, a gaya wa likita gaskiya. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, kamar sauran manyan asibitoci, akwai sashen jin daɗin marasa lafiya. Likitan da ya san aljihunka yana iya rubuta maganin da sunansa na asali, wanda ya fi na babban kamfani araha, ko ya sauya allura mai tsada da mai sauƙi. Abin da ba a so shi ne mutum ya raba ƙwaya biyu da kansa, ko ya je kemis ya sayi allurar da ba ta da lambar NAFDAC. Sannan a riƙe kwafin takardun asibiti, musamman iyalan soja da canjin wurin aiki kan ɗauke su daga wannan gari zuwa wancan.

Ta uku tana wuyan hukuma. Dokar inshorar lafiya da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu na 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusun masu rauni. Haidirokotizon da fuludirokotizon da testosteron duk suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Muna kira da babbar murya: yaron da aka san yana kan maganin har abada, a bar sunansa a kati bayan ya cika 18, har sai ya tsaya da ƙafarsa.

Ta huɗu kuma tamu ce. Masu fitar da zakka, da ƙungiyoyin matan bariki, da limamanmu, ku sani akwai mabuƙatan da ba za su taɓa tsayawa gaban jama'a su yi bayani ba. Ku kai taimakon hannun likitan da ke duba su, a biya musu magani ba tare da an tambayi suna ba. Rufin asirin nan shi ne rabin taimakon.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya hore wa iyayensu abin yi musu magani. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa, ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)