Duba Lambar Manhaja Kafin Ka Saka Ta

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, wannan makon ɗakin kwamfuta muka leƙa. Yawancinmu mun san VLC, manhajar kallon bidiyo mai alama kamar mazurari a kife. Tana cikin buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda aka bar rubutunsu na asali a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba kyauta. Haka Firefox da LibreOffice da Linux suke.

Wannan rubutu na asali mutum ne ya tsara shi, kuma kwamfuta ba ta gane shi yadda yake. Sai an ba wata manhaja da ake kira kwamfaila ta juya shi zuwa harshen na'ura. Wannan aiki shi ake kira gina manhaja daga tushe. Mai ginin zai sauko da rubutun, ya tanadi sauran kayan da manhajar ta dogara da su, sannan ya ba da umarnin ginawa.

Sai dai rubutun kullum cikin gyara yake. Abin da aka gina yau ba lallai ya zama daidai da na gobe ba. Shi ya sa ake yi wa kowane gini lamba. An fitar da VLC 3.0 a shekarar 2018, amma akwai wadda aka rubuta wa 4.0.0-dev. Wannan "dev" na nufin ana kan aiki. "Beta" ta gwaji ce, "rc" kuwa ta kusa kammala. Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991, yakan fitar da rc1, rc2, har zuwa rc7 mako-mako kafin ya saki cikakkiya.

Manomi a Roni ko Gwiwa yakan yi wa buhun irin da aka zuba wa magani alama, don kada a kai shi injin niƙa tare da hatsin ci. Haka lambar manhaja take. Ta gwaji tana iya tsayawa cak, ko ta lalata aikin da muka kwana muna bugawa.

Don haka in an turo mana manhaja a filashi, mu duba lambarta kafin mu saka a kwamfutar makaranta. In kuma wani cikinmu ya kai ga gina tasa, ko a nan ko a Kwalejin Hussaini Adamu, ya rubuta mata "dev" da kwanan wata kafin ya ba aboki. In ta ba da matsala, an san wacce za a gyara.